Ikilisiyar Galmi: Yadda Ta Tsiro a Ƙofar Asibiti

Karatu kafin darasi: Ayyukan Manzanni 11:19-26.

Babu mutumin Adar da bai san sunan Galmi ba. Wanda bai san ta da albasa ba, ya san ta da asibiti. Albasar Galmi tana kaiwa har Abijan da Akara. Asibitin kuwa, da wuya ka sami ƙauye tsakanin Tawa da Ƙonni wanda bai taɓa kai majinyacinsa can ba, a kan jaki ko amalanke a dā, a kan babur ko mota a yau. Amma a cikin garin nan akwai jama'ar masu bi waɗanda ke taruwa ran Lahadi su yi sujada da Hausa, labarinsu kuwa ba a cika ba da shi ba. Shi za mu bi a wannan darasi. Galmi tana cikin jiharmu ta Tawa. Mutanenta suna noman hatsi kamar mu, suna zaune tsakiyar Musulmi kamar mu. Abin da ya gina ikilisiyarsu, da abin da ya raunana ta, yana iya samun kowane ɗan taro na gida biyu ko uku a ƙauyukanmu.

Maigida, ka tara iyalinka bayan tuwon dare ka karanta musu a hankali. In yaro ne ya fi iya karatu a gidan, a ba shi takardar.

Tun kafin a ji sunan Galmi

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Ikko daga jirgin ruwa. Sunayensu Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Nufinsu su kai bishara ƙasashen da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato dukan ƙasar baƙar fata da ke kudu da hamada, har da ƙasar Hausa. Cikin kimanin shekara ɗaya, biyu daga cikinsu suka mutu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo a jikinsa, ba tare da ko mutum ɗaya ya ba da gaskiya ta bakinsu ba. Ya sāke gwadawa, zazzaɓi ya sāke kore shi. Sai a 1902 ƙungiyar da ya kafa, wadda muka sani da suna SIM, ta sami wurin zama a Patigi, bakin kogin Kwara.

Daga nan aikin ya yi ta hawa arewa sannu sannu. A 1924 'yan mishan suka shiga Damagaram, wurinsu na fari ke nan a ƙasar Nijar. Kafin 1930 sun zauna a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, kusa da Maraɗi, inda David Osborne ya yi shekaru yana aiki. Tsibiri ita ce ta zama kamar uwa ga ikilisiyoyin ƙasar Hausa ta Nijar. A can aka yi makarantar Littafi Mai Tsarki, a can aka horar da masu bishara na fari. Ɗaya daga cikin masu bi na farko, Malam Abba Musa, mutumin ƙasar Damagaram, a Tsibiri ya yi hidima. Daga baya aka buɗe wuri a Dogon Dutsi, ƙasar Arewa, da Maraɗi, da waɗansu garuruwa.

A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Likita Walter Miller na Zariya ne ya ɗauki babban nauyin juya shi, tare da waɗansu 'yan mishan da Hausawa masu taimakonsu. Ku riƙe wannan shekara. Shekara 18 kafin a buɗe asibitin Galmi, Maganar Allah ta riga ta shiga harshen da ake ciniki da shi a kasuwar Galmi. Duk wanda ya ba da gaskiya a can daga baya, bai bukaci ya koyi Turanci ko Faransanci ba kafin ya yi addu'a ko ya karanta Zabura.

Dalilin da ya sa aka zo Galmi

A zamanin nan Faransawa ke mulkin Nijar, kuma ba su saki jiki da 'yan mishan ɗin SIM ba. Masu jin Ingilishi ne, sun kuma fito ta Najeriya, ƙasar da Ingila ke mulki. Dokar Faransa ta ce makaranta sai da Faransanci, aikin likita kuma sai da takardar da Faransa ta yarda da ita. A lokacin yaƙin duniya na biyu, musamman tsakanin 1940 da 1942, zargin ya ƙara tsanani, aka ƙuntata musu yawo. Saboda haka maganar gina asibiti ta daɗe tana jiran izini. Da izinin ya fito, ba a Maraɗi ba ne, ba kuwa a Tawa ba. Wurin da aka samu ɗan ƙauye ne a gindin duwatsu, kan hanyar da ta tashi daga Ƙonni zuwa Madawa, kusan kilomita 500 gabas da Yamai.

A 1950 aka buɗe asibitin. Likita Burt Long, Ba'amurke, ya zo da matarsa Ruth, ya yi fiye da shekara 20 yana aiki a wurin. Labari ya bazu cewa akwai likita mai yin fiɗa a Galmi, mai gwaiwa ya tafi ya dawo da sauƙi, mace mai doguwar naƙuda ta tsira. Sai jama'a suka yi ta zuwa, Adarawa da Gobirawa, Buzaye da Fulani, har da mutanen Najeriya daga wajen Sakkwato. Ba a tambayar addinin mutum kafin a duba shi. Asibitin ya girma har gadajensa suka wuce 100. Bayan shekara shida, a 1956, mishan ta buɗe wurin jiyyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi.

Su wane ne suka fara taruwa?

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, gama a nan asalin ikilisiyar yake.

Likita ɗaya ba ya riƙe asibiti. Ana bukatar mai wanke ciwo, mai ba da magani, mai rubuta suna a kati, mai tafinta, magini, mai dafuwa, mai gadi. Ana kuma bukatar mai bishara wanda zai yi wa'azi ga masu jiran layi da safe, ya zaga ɗakunan majinyata ya gaishe su, ya yi addu'a da wanda ya yarda. Galmi ta wancan lokaci ba ta da masu bi da za su cika wuraren nan. Don haka da yawa daga cikin ma'aikatan Kirista baƙi ne. Waɗansu daga wajen Tsibiri da Maraɗi suka fito, waɗansu daga Dogon Dutsi, waɗansu daga Najeriya. Su ne suka zo da matansu da 'ya'yansu, suka kama gidaje, suka soma taruwa ran Lahadi tare da Turawan. Ikilisiyar Galmi ta fara kamar zango, taron baƙi waɗanda aiki ya haɗa.

Kada kowa ya rena wannan. Ku koma ga karatunmu na yau. Su wane ne suka kafa ikilisiyar Antakiya? Ba Bitrus ba ne, ba Yahaya ba ne. Mutane ne waɗanda tsanani ya warwatsa daga Urushalima, waɗansu mutanen Kubrus da Kurane, baƙi a garin, Luka bai ko rubuta sunayensu ba. Sai da aikin ya kama sa'an nan aka aiko Barnaba, shi kuma ya je ya nemo Shawulu, suka yi shekara guda suna koyarwa. A wannan gari na baƙi aka fara kiran almajirai Kirista. Allah ya saba fara aikinsa da baƙo.

Amma taron baƙi yana da rauninsa. Baƙo yakan ce, in na gama aiki zan koma garinmu. Zuciyarsa tana wurin gonar ubansa. Ɗan gari kuma yana kallon majami'a ya ce, wannan abin ma'aikatan asibiti ne, ba namu ba ne. Ikilisiya ba ta zama ta gari sai ran da waɗansu abubuwa suka faru a cikinta, abubuwan da ba a yi musu biki. Ma'aikaci ya sayi gona a nan ya shuka hatsi da albasa. Ya aurar da 'yarsa a nan. An haifi yaro a nan, an yi masa suna, maƙwabta Musulmi sun zo barka sun ci goro. Tsoho ya mutu, ba a ɗauki gawarsa zuwa Dogon Dutsi ba, an binne shi a ƙasar Galmi. A ganina, ranar da masu bi suka haƙa kabarin farko a gari ta fi ranar da aka aza kwano a kan majami'a nauyi. Wanda ya binne uwarsa a wuri ba ya ƙara zama baƙo.

Akwai kuma waɗanda suka zo jiyya suka ji Magana, suka koma ƙauyukansu da ɗan littafin Markus ko Yahaya a aljihu. Yawancinsu ba a ƙara jin labarinsu ba. Ku tuna da kutare goma na Luka 17, ɗaya tak ya komo ya yi godiya, Ubangiji kuwa bai janye warkarwa daga taran ba. Amma akwai waɗanda iri ya kama a zuciyarsu. Irin waɗannan, idan danginsu suka juya musu baya, ina za su nufa? Sau da yawa wurin da suka fara jin bishara suke komawa, su nemi aiki, su nemi mata, su nemi wanda zai koya musu karatu. Maganar aure kuwa babba ce. Saurayin da ya bi Yesu, wa zai ba shi 'ya? Don haka gidajen masu bi na Galmi da Tsibiri da Dogon Dutsi suka yi ta auratayya, har ya zama da wuya ka sami tsohon gidan Kirista a ɗaya daga cikin garuruwan nan wanda ba shi da suruki a ɗayan.

Albashi da bangaskiya

Yanzu sai maganar da ba ta da daɗin faɗi. Inda mai ba ka aiki da mai yi maka wa'azi suke ƙungiya ɗaya, jaraba tana nan kusa. Wani yakan shiga majami'a domin a gan shi. Wani yakan nemi baftisma yana hangen rigar aiki. Wani kuma, mai bi na gaskiya, yakan kama bakinsa a taron ikilisiya don kada ya saɓa wa wanda ke sama da shi a wurin aiki. Wannan ba laifin asibiti ba ne, halin zuciyar ɗan Adam ne, kuma ya sami kowane wurin mishan a Afirka. Ya sami Ubangiji kansa. A Yahaya 6, bayan ya ciyar da mutum 5,000, taron ya bi shi har hayin teku, shi kuwa ya gaya musu a fili cewa gurasar da suka ci ce ta kawo su. Da ya yi musu koyarwa mai wuya, da yawa suka juya.

Maƙwabtanmu sun lura da wannan tun da wuri. Shi ya sa har yau, idan mutum ya bi Almasihu a ƙauye, tambayar farko ita ce, nawa aka ba shi? Ba gardama ke amsa wannan tambaya ba. Mai amsa ta shi ne manomin da kowa ya san ba ya karɓar ko dala daga mishan, yana huɗa gonarsa kamar kowa, yana biyan bashinsa, ran Lahadi kuwa ya ajiye hauya ya tafi sujada. Ikilisiyar da ke da irin mutumin nan guda biyar ta fi wadda ke da ma'aikata hamsin tsayuwa a idon gari.

Ragama ta koma hannun 'yan ƙasa

A Najeriya, ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM sun haɗu sun zama ECWA a 1954. Nijar ta sami 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960, a farkon shekarun 1960 kuma ikilisiyoyin nan namu suka haɗu ƙarƙashin suna guda, Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wadda ake kira EERN. Taron Galmi yana cikinsu. Tun daga nan asibiti da ikilisiya suka zama abu biyu a tsari. Asibiti yana hannun mishan. Ikilisiya kuwa tana da fastonta da dattawanta, 'yan ƙasa, su ke yin baftisma, su ke raba Jibin Ubangiji, su ke yi wa mai laifi horo, su ke ƙirga baiko. Haka Bulus ya umarci Titus a Karita, ya naɗa dattawa a kowane gari.

Sauya suna a takarda abu ne mai sauƙi. Ciyar da fasto daga rumbun masu bi shi ne mai wuya. Mutanen da suka saba Bature ne ke kawo kwano da siminti, sai aka ce musu yanzu ku ne za ku fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, ku kawo baikon godiya da kaka, ku aika ɗanku makarantar Littafi Mai Tsarki, a Tsibiri a dā, a Agye daga baya, ku kuma riƙe iyalinsa har ya gama. Inda aka yi haka, ikilisiya ta yi ƙashi.

Ban ga yadda za a ba da wannan labari a tsallake mata ba. Zumuntar mata ce ta riƙe yawancin ikilisiyoyin ƙasar nan. Turawan farko waƙoƙin ƙasarsu suka juya da Hausa, su ne ke cikin littafin waƙoƙi, kuma muna ƙaunarsu. Amma mata ne suka shigo da waƙa irin tamu, mai bayarwa da amshi, wadda tsohuwar da ba ta san baƙi ba za ta haddace ta rera a bakin turmi. Su ke zuwa gaisuwar haihuwa da ta mutuwa, gidan Kirista da na Musulmi. Su ke tara tiya tiya ta hatsi don gwauruwa. A gari mai asibiti kuwa akwai wani aiki kuma: baƙuwar da ta zo jiyyar ɗanta daga nesa, guzurinta ya ƙare, wa zai kai mata fura?

Waɗanda ke nesa da majami'a, rediyo ya taimake su. Tashar ELWA ta Monrobiya, wadda SIM ta buɗe a 1954, ta yi shekaru tana watsa shiri da Hausa, sai yaƙin Laberiya ya tsai da ita a 1990. A 1979 kuma aka fito da sabon juyi na Littafi Mai Tsarki, da Hausa mai sauƙin fahimta.

Shekarun yunwa

Fari na 1973 da 1974 ya ƙare dabbobi, ya kori mutanen arewa zuwa bakin hanya. Na 1984, wanda muke kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, dattawanmu ba su manta da shi ba, mu ma da muke yara ko samari mun gan shi. Aka sāke shan wuya a 2005. A irin waɗannan shekaru hatsin taimako yakan bi ta hannun mishan da ikilisiyoyi, a raba wa kowa ba tare da duban addini ba, mutane da yawa kuwa sun rayu ta haka. A wajen Maraɗi, daga cikin wahalar nan ce Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, ya fara koya wa manoma tun 1983 su bar tohon kututture ya girma a gona, abin da ake kira sassaben zamani.

Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Kafin yunwa, abin da dattijon ikilisiya ke riƙe bai wuce kwanon baiko ba. Bayan yunwa sai ga buhuna, ga mota, ga kuɗin ƙungiyoyin waje, ga filaye da gine-ginen da mishan ke miƙawa. Ku karanta Ayyukan Manzanni 6. Gunaguni na farko a ikilisiyar Urushalima ba a kan koyarwa ya tashi ba, a kan rabon abincin gwauraye ne, tsakanin masu harshe biyu. Manzanni suka yi maza suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai amintattu, aka raba aikin tebur da aikin Magana.

Rabuwa

Wajen 1990 ikilisiyar ƙasa ta tsage. Daga cikin EERN aka sami UEEPN, aka sami ikilisiyar Salama. Littafi ɗaya suke karantawa, baftisma ɗaya suke yi, waƙoƙi ɗaya suke rerawa. Ba a kan Almasihu aka rabu ba. Maganar shugabanci ce, da riƙon dukiya, da wane yanki ne ke gaba. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuwa zan ce wane ne mai gaskiya ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi gardamar sun riga sun tsaya a gaban Mai Shari'a, 'ya'yansu kuma 'yan'uwanmu ne.

A babban birni rabuwa ba ta da zafi sosai, kowa ya bi unguwarsa. A ƙaramin gari kuwa, inda masu bi duka surukan juna ne, takan ratsa tsakar gida. Wa yana wannan majami'a, ƙane yana waccan. Mutum biyu suna aiki ɗaki ɗaya ran Asabar, ran Lahadi kowa ya kama hanyarsa. Yau a Galmi majami'a ba ɗaya ba ce. Gaskiya ne garin ya girma, kuma yawan wuraren sujada ba zunubi ba ne. Gaskiya ne kuma zafin ya huce da shekaru, ana zuwa auren juna da jana'izar juna, ikilisiyoyin bishara na ƙasar kuma suna da ƙawancen da ke tara su. Duk da haka ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, shi aka kasa uku. Bulus ya tsauta wa Korantiyawa saboda wani na cewa shi na Bulus ne, wani na Afolos. Ku karanta 1 Korantiyawa 3 tare da yaranku, ku tambaye su abin da suka gane.

Maƙwabta

Ran 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan wata jaridar Faransa ta buga zanen ɓatanci ga Annabin Musulmi, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka mutu, hukuma ta ce an ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai. Masu bi na Nijar ba su da hannu cikin abin da aka buga a Faransa, amma an ɗauke su 'yan addinin Bature. A cikin kwanakin nan kuma an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Shugabannin ikilisiyoyi suka fito suka ce sun gafarta.

Wannan ya nuna mana abu biyu game da gari irin Galmi. Shekara 70 da ɗoriya na jiyyar marasa lafiya sun sa sunan Kirista yana da daraja a bakin mutane da yawa na jihar nan, kada mu yi wasa da wannan gado. Amma darajar asibiti ba ta isa ta rufe mai bi wanda ba ya gaida maƙwabcinsa. Wanda zai tsaya a ƙofar gidanka ran tashin hankali shi ne wanda ka je ta'aziyyar ubansa, ka ara masa galma, ka taya shi gayya.

Mu na ƙauyukan arewa

Nan wajen Bambeye da sauran ƙauyukan arewacin Adar ba mu da asibitin mishan, ba kuwa alamar za a gina mana. Zamani ya sāke. Tun da aka sace wani Ba'amurke mai aikin taimako a Abalak a 2016, wanda ba a sake shi ba sai 2023, baƙi ba su yawo a arewacin jiharmu kamar dā. Ga kuma cin rani. Da an gama girbi mazajenmu sun kama hanyar Abijan ko Libiya ko Najeriya, taron da ke da mutum goma sha biyu da damina ya koma mata huɗu da yara.

Sau da yawa nakan ji ana cewa, da muna da abin da Galmi ke da shi, da mun yi ƙarfi. Ku sāke duba labarin. Abin da asibiti ya yi shi ne ya tara mutane wuri ɗaya. Sauran duka, karatu da Hausa, zakka daga rumbu, dattawa daga cikin jama'a, zumuntar mata, zama lafiya da gari, babu ɗaya da ke bukatar likita ko jirgin sama. Kuna da sauƙi ɗaya ma wanda masu bi na farko a Galmi ba su da shi: ku ba baƙi ba ne, kakanninku a nan suke kwance, ba kuwa mai cewa albashi ya kawo ku. A Romawa 16 Bulus ya gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidan Bilkisu da Akila. Zaure ya isa, inuwar bedi ta isa. In maza sun tafi, matar da ta iya karatu ta buɗe Littafin ta karanta wa sauran. Wanda ya tafi cin rani ya nemi masu bi a inda ya sauka, in ya aiko kuɗin gida kuma ya ware na ikilisiya. In kun fara tara baiko, ko jaka ɗaya ce, mutum biyu su ƙirga, na uku ya rubuta, a karanta wa jama'a duk wata. A fara wannan tun kuɗin bai kai abin faɗa ba.

Aikin wannan mako

Sunayen Bingham da Osborne da Long suna cikin littattafai domin mutanensu sun rubuta. Masu bishara na fari da suka zaga ɗakunan majinyata a Galmi, da matan da suka fara zumunta, yawancinsu sunayensu a bakin tsofaffi kawai suke, tsofaffin kuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa, domin ran da yara za su yi tambaya a sami abin nuna musu.

Saboda haka ku sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta. Ku aiki yaro mai kyakkyawan hannu wurin wanda ya fi kowa tsufa cikin masu bi na ƙauyenku, ko namiji ko mace, ya tafi da goro. Ya tambaya: wa ya fara ba da gaskiya a nan, a bakin wa ya ji, a Galmi ne ko a wurin cin rani? A gidan wa aka fara taruwa? Wa aka fara yi wa baftisma, a wane ruwa? Wa aka fara binnewa, a ina kabarin yake? In tsohon bai san shekara ba, ya ce kafin El Buhari ne ko bayanta, zamanin Diori ne ko na Kunce, a rubuta haka. In an zo kan maganar rabuwa ko wani tsohon faɗa, a ji bakin mutum biyu kafin a rubuta. In an gama, a karanta wa ikilisiya ran Lahadi don a gyara abin da aka manta, sa'an nan a naɗe littafin cikin leda a sa a akwatin ƙarfe saboda gara.